Muna rigima a kan rawa, filin rawar kuwa ana yanka shi fuloti-fuloti

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai dare.

Shekara fiye da ashirin ke nan muna rigima guda ɗaya a Kano, har yau ba mu gama ba: rawa da waƙa a finafinan Hausa. Duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya fito, a yi ca, a kama wane, a dakatar da wance, a yi huɗuba, 'yan fim su mayar da martani, mu kuma 'yan kallo mu rabu gida biyu mu kwana muna zagin juna a nan Facebook. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 muke wannan zagaye. A cikin shekarun nan dai da muke faman wannan, an cinye ganuwa a wurare da yawa, an cike kududdufai an yi gini a kai, an sare manyan bishiyoyi, an yanka dandalin unguwanni an sayar. Wallahi ban taɓa ganin an yi wa ɗaya daga cikin waɗannan rabin ihun da ake yi wa rigar wata 'yar fim ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da nake so in faɗa shi ne, Kano tana bukatar fim ɗin rawa. Na san da jin haka wasu sun riga sun ɗaure fuska, wasu ma sun fara rubuta min martani. Ku ɗan dakata ku ji irin fim ɗin da nake nufi, da dalilin da ya sa nake ganin lokaci ya kusa ƙure mana.

Da farko, rawar Bahaushe ba a sarari take yawo ba. Kowacce tana da wurinta da lokacinta da aikin da take yi. Gangar noma a gona ake kaɗa ta, ranar gayya, don samari su yi rige-rigen kai kunya. 'Yan hoto da garmarsu suke wasa, su cilla ta sama su cafe, saboda manoma ne, kayan aikinsu ne. Gaɗa ta 'yan mata ce a dandali da farin wata. Waƙar daɓe ta mata ce in an yi sabon ɗaki ana dukan ƙasa. Lugude a bakin turmi yake. Kalangu na mahauta ne. Dambe da kokawa sai an yi kaka, an kwashe amfanin gona, fili ya buɗe, sannan a kafa fage. Tashe kuwa lungu-lungu ake binsa daga goma ga azumi. Ka ɗauke gonar da dandalin da fagen, me ya rage? Ai sai dai a kira 'yan koroso su yi minti goma a gaban manyan baƙi a ɗakin taro, a tafa, a ba su kuɗin mota.

Na yarda waya da talabijin da rashin tsaro duk sun taka rawa wajen kashe gaɗa. Amma ko yau aka ƙwace wayoyin duk 'yan matan unguwarku aka ce su fita su yi gaɗa, ina za su tsaya? Filin da iyayensu mata suka yi tasu, yanzu shaguna ne ko gidan mai ko katangar wani mai hali.

Mu dubi abin da ya faru da garin kansa.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Sarakunan baya suka ci gaba, Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta. Da hannu aka gina ta, da kwando aka ɗauko ƙasar, shekaru ɗaruruwa ana yi mata yaɓe. Da Turawa suka zo a 1903, sai da suka sa igwa kafin su shiga ta wajen Ƙofar Kabuga. Igwar Bature waje ɗaya ta fasa. Sauran ɓarnar da hannunmu muka yi: wannan ya ɗebi ƙasa ya yi bulo, wancan ya mayar da gindinta juji, wani ya kafa shago ya jingina da ita, sannan a ƙarshe wani ya zo da takarda mai hatimi ya ce filinsa ne. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta kankare. Tun 2007 ganuwar Kano da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki suke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO suna jiran a sa su cikin kayan tarihin duniya. Har yau jira ake yi. Wurare biyu ne kacal a ƙasar nan suka samu shiga, Sukur ta Adamawa a 1999 da kurmin Oshun na Oshogbo a 2005. In masu dubawa suka zo gobe, wane ɓangaren ganuwar za mu nuna musu ba tare da mun sunkuyar da kai ba?

Kududdufai kuma, yaran yanzu gani suke ƙazanta ce kawai da sauro. To daga cikinsu aka haƙo ƙasar da aka gina birnin nan, kuma ramin da ya rage shi yake shanye ruwan sama in damina ta yi ƙarfi. Ruwa ya sauko daga lungu, ya bi kwata, ya zube a kududdufi, ya kwanta har rani. Da aka cike su da shara aka dasa gidaje, ruwan bai fasa zuwa ba. Wurin kwanansa aka ƙwace, shi ya sa yake kwana a ɗakunan mutane duk watan Agusta. Sai mu ce ƙaddara ce, a kafa kwamiti, a raba tabarma da buhun shinkafa.

Sai bishiyoyi. Ku lura da sunayen wurarenmu: Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya, Rimin Kebe, Rimin Gado, Kurna, Kurmi. Kakanninmu da bishiya suke kwatance, a gindinta ake cin kasuwa, a gindinta ake shari'a, a gindinta makaɗi yake ajiye gangarsa ya huta. Yau ka tare yaro ɗan shekara goma sha biyar a cikin gari ka ce ya bambance maka ɗorawa da gawo, ko ya gaya maka yadda furen rimi yake. Ka hau Dala da yamma ka duba gabas da yamma, ka ƙirga kore nawa idonka zai gani a cikin kwanon rufi da siminti. Sannan mu dawo muna kukan zafi a watan Afrilu kamar wani ne ya aiko mana da shi daga wata ƙasa.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara ashirin ina ganin yadda takarda take tafiya daga tebur zuwa tebur. Abin da na fahimta shi ne, filin jama'a maraya ne a cikin fayil. Fulotin mutum ɗaya yana da mai shi da zai yi ta sintiri a ofis, ya kai ƙara kotu, ya nemo wanda ya san wani. Dandalin unguwa kuwa na kowa ne, saboda haka babu mai biyo sawunsa. A taswira fari fat ake ganinsa, babu inda aka rubuta cewa a nan ake wasan dare, a nan ake ɗaurin aure in gida ya yi kaɗan, a nan yara suke ƙwallo. Duk abin da ba a rubuta ba, a idon fayil babu shi. Layi biyu na biro sun isa su mayar da shi fuloti shida.

Kada wani ya kawo min maganar Kwankwasiyya ko Gandujiyya a nan. Mun ga wata gwamnati ta ba da filaye har a jikin Filin Idi an yi shaguna, mun ga wata ta zo a 2023 ta rushe. Magoya baya kowa ya yi ta murna ko kuka gwargwadon launin hularsa. Cin ganuwa da cike kududdufi sun girmi duka ɓangarorin biyu, kuma babu gwamnatin da za ta rantse hannunta tsaf yake.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba mu da hanyar yin makokin wuri. In mutum ya rasu mun san abin yi. A yi wanka, a yi sallah, a kai shi makwanci, a zauna a karɓi gaisuwa, a faɗi alherinsa, zuciya ta ɗan yi sanyi. Amma in aka wayi gari an sare tsamiyar da kakanka ya yi karatun allo a gindinta, wa za ka yi wa ta'aziyya? Wa zai yi maka? Sai dai ka wuce a kan babur ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji, ka haɗiye, ka ci gaba da tafiya. Dattawa da yawa a garin nan baƙi ne a unguwar da aka haife su. Ba su yi ƙaura ba, unguwar ce ta tashi ta bar su. Wannan baƙin cikin yana nan a cikin mutane, ba shi da suna, ba shi da zaman makoki. Fim ɗin da nake magana shi ne zaman makokin.

Yanzu bari in juyo kan 'yan fim, don ku ne masu kyamara.

Tun Turmin Danya a 1990 kuke wannan sana'a. Kun yi dubban finafinai, kun ciyar da dubban gidaje, ba mai ƙwace muku wannan. Amma ku gaya min tsakani da Allah, in jikanku ya zauna nan da shekara hamsin ya kalli finafinan nan don ya ga yadda Kano take a zamaninmu, me zai gani? Falo mai kujerun alfarma, ƙofar gida mai maigadi, da lambun otal inda saurayi da budurwa suke zagaye fulawa suna canja kaya sau biyar a waƙa ɗaya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana rubutu a kan yadda finafinan Indiya suka yi tasiri a kan naku, ba sabon zance ba ne. Su Indiyawan da kuke kwaikwayo, duwatsunsu da kogunansu da gonakinsu suke nunawa, har mu nan Fagge muka san kamannin ƙasarsu. Ku kuma kun ɗauko rawar kun bar darasin. Shekara talatin da kyamara a hannunku, ganuwa tana narkewa a bayanku, kuna juya mata ƙeya don kada ta ɓata muku hoto.

Abin kunyar ma shi ne, duk ranar da muke son ganin tsohuwar Kano, hotunan da Turawan mulkin mallaka suka ɗauka muke nema. Mu sa su a nan, baƙi da fari, mu rubuta "Allah sarki, Kano ta da", a yi ta danna alamar kuka. Wanda ya ci mu da yaƙi ya fi mu adana kamanninmu.

Sai malamanmu, Allah Ya ƙara muku lafiya. Ba na cikin masu yi muku rashin kunya, kuma ina tare da ku cewa cakuɗa maza da mata da fitsara a gaban kyamara ba tarbiyyarmu ba ce. Ni ma uba ne. Amma akwai abin da na gani a 2016 da ban manta ba. Gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Kuka hau mumbari, jama'a suka amsa, cikin ɗan lokaci aka janye aikin. Ko mutum ya yarda da matsayinku ko bai yarda ba, ya ga ƙarfin muryarku. To don Allah ina wannan muryar take ranar da ake cike kududdufin da zai hana ruwa cin gidan talaka? Ina take ranar da ake yanka filin makaranta da gefen maƙabarta? Cin filin jama'a ai cin amana ne, kuma ku kuka koya mana cewa dasa bishiya sadaka ce. Juma'a ɗaya tak in kuka haɗa baki a kan wannan, wallahi akwai takardun da ba za a sake sa musu hannu ba.

Kuma ku duba da kyau, yawancin wasannin da na lissafa a sama ba su da abin da kuke ƙi. Gangar noma ta maza ce zalla. Daɓe da lugude na mata ne a cikin gida. Gaɗa ta yara mata ce, iyaye suna zaune a ƙofar gida suna kallo. In aka haɗa waɗannan da rawar otal aka yi musu hukunci ɗaya, an zalunci kakanninmu.

To wane irin fim? Na haɗin gwiwa, wanda masu abin suke da baki a cikinsa tun daga farko. Akwai misali a nan maƙwabta. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya shafe shekaru fiye da hamsin yana ɗaukar fim a Nijar, a can ma ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. A farkon shekarun 1950 ya ɗauki Sarkawan Ayoru suna farautar dorina a kogin Kwara. Da ya haɗa fim ɗin sai ya koma ya haska musu a garinsu. Suka kalla, suka ce masa ya yi kuskure da ya sa kiɗa a wurin farautar, domin ba a farautar dorina da kiɗa. Ya karɓi gyaran. Daga baya shi da abokansa 'yan Nijar irin su Damure Zika suka riƙa tsara finafinai tare. In baƙo ya iya zama ya saurari masunta su gyara masa aiki, mu da muke 'ya'yan gida me zai hana?

Ga yadda nake hango namu. A zauna tebur ɗaya: tsofaffin makaɗa da 'yan wasa daga ƙauyukan da gari yake haɗiyewa, iyayenmu mata da suka san waƙoƙin gaɗa da daɓe, 'yan koroso, ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, masana daga Jami'ar Bayero, matasan Kannywood masu iya kyamara da sauti, da malami tun ranar farko, don kada sai an gama a ce a yanke. Ɓangaren mata, mata su ɗauka, su tace. Kowane dattijo shi zai nuna wurin da za a ɗauke shi, kuma a wurin za a ɗauka ko da yanzu ya zama gidan mai. 'Yan hoto su cilla garma a gonar da aka riga aka kafa wa duwatsun fuloti. Kaka ta koya wa jikokinta tafin gaɗa a gaban jerin shagunan da suka maye dandalinsu. Mai kalangu ya tsaya a gindin guntun ganuwar da ya rage, da jujin da komai, kada a share don kyamara. Ba a bukatar mai sharhi yana yi mana kuka da baki, ido zai gani. A rubuta sunan kowa, a biya kowa hakkinsa, kuma kafin a kai shi ko'ina a fara haska shi a unguwar da aka ɗauka, masu abin su ce an yi daidai ko a gyara.

Na san abin da wasu za su ce: ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta da 'yan bindiga, kai kana maganar rawa. Gaskiya ne ana cikin wani hali, ni ma albashi nake jira kamar kowa. Amma ambaliyar da take rusa ɗakin talaka da zafin da yake kwantar da tsofaffi daga wannan ɓarnar suka fito, maganar ciki ce ita ma. Kuma aikin nan ba zai ci kuɗin motar babban jami'i guda ɗaya ba. Wasu kuma za su ce gari dole ya girma, mutane suna bukatar muhalli. Haka ne, ba wanda ya ce a koma daɓe a bar siminti, in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Amma girman gari bai wajabta a bar unguwa mai gida dubu ba tare da fili ɗaya da inuwa ɗaya ba. Haɗama ce ta wajabta wannan.

A Disambar 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake taƙama da su, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Mun yi murna, kuma ya cancanta. Amma shi kansa hawan mun ga yadda rikicin sarauta ya tsayar da shi. In abin da yake da sarki da hakimai da dawakai zai iya tsayawa, ina ga wasan talaka da ba shi da kowa?

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Su sun yi suna, an naɗi muryoyinsu, Allah Ya jiƙansu. Mai gangar noman ƙauyenku fa, wa ya naɗe shi? Tsohuwar da ta san waƙar daɓe talatin a ka, in ta rasu gobe da su za a binne ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin gwamnati ko wani furodusa ya motsa, ga abin da kowannenmu zai iya. In kana da tsoho ko tsohuwa a gida, nemi izininsu, ka kai su wurin da suka yi wasa suna yara, ka kunna wayarka su ba ka labari, in sun yarda su rera ko su taka. Ka rubuta sunan wurin da ranar, ka adana. Sannan ina roƙon duk wanda ya karanta har nan ya rubuto min sunan wuri ɗaya a unguwarsu ko garinsu da ya ɓace, fili ko kududdufi ko bishiya, da wasan da ake yi a wurin, da abin da aka gina a kai yanzu. Ba Kanawa kaɗai ba, na san mutanen Zariya da Katsina da Damagaram kowa yana da nasa. Mu fara tara sunayen, ko ba komai a san an yi su.

Wanda kuma zai zage ni, bismillah, amma ya fara rubuta sunan filin unguwarsu tukuna.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba shugabanninmu tsoronSa a kan amanar da ke hannunsu, Ya sa mu dace.